Dattijon da ya koya mini sauraron bango

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon gine-gine aka tura mu aikin gwaji, ni na faɗa wani ofishi a Damagaram da aka ba aikin auna tsofaffin gidajen gwamnati na zamanin Nasara. Na tafi da mita da littafi, kaina cike da tarihi. Na san a nan aka kashe Kyaftin Kazamaju, wani hafsan Faransa, a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Na san Faransawa sun ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, suka kafa bariki a kan duwatsu suka sa masa sunan mamacin nasu, barikin da yau ke amsa sunan Tanimun. Daga 1911 zuwa 1926 nan ce hedkwatar mulkinsu a Nijar, kafin su kwashe su koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan. Mu da muka tashi muna jiran 'yan garuwa ba sai an yi mana bayanin wannan ba.

Gidan farko da muka shiga bangonsa kauri gare shi, ga baranda ta zagaye shi, rufin can sama, ciki da sanyi kamar randa alhali waje rana na dukan ƙeya. Nan take na rubuta: "gini irin na Faransa". Sai wani tsohon magini daga Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarki take, wanda aka ɗauko don ya duba mana rufi, ya ce in karanta masa abin da na rubuta. Na karanta. Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ɗaga kanka."

Azara ce ta giginya, an jera ta an gicciye, an shimfiɗa zana an zuba ƙasa, daidai yadda ake yi a sorayen Birni da Zango. Ya nuna mini inda ɗakin ya fi ƙarfin azara ɗaya, don ba ta cika ɗaukar faɗin da ya wuce mita 2 ba, aka yi mata dabarar matokara daga jikin bango. Ya kankare yaɓe kaɗan, sai ga bulon ƙasa mai kusurwa huɗu. "Wannan nasu ne," in ji shi, "mu namu tubali da hannu ake mulmula shi. Amma wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya ɗauko azarar a ka?" Na yi shiru. A aji an faɗa mana ba a soke aikin tilas ba sai 1946, sai dai ban taɓa haɗa wannan shekara da wani bango da zan iya dafawa ba.

Babban kuskurena ya zo a mako na biyu. Na ga bangon gabas, wanda ruwan damina ke duka, ya zaizaye, na ba da shawara a shafe shi da siminti. Dattijon bai ce uffan ba. Ya ja ni gefen da aka taɓa yi wa siminti shekarun baya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ƙara ta fito kamar ta ganga.

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Ya sa cebur ya ɓamɓaro, ƙasar ciki ta zubo a jiƙe, gara ta yi gida. Siminti ba ya kama ƙasa, kuma yana hana danshi fita, sai bango ya ruɓe ta ciki fuskarsa tana sumul. Maganin da ya faɗa ba wuya gare shi ba: a buɗe indararon da suka toshe, a sake yaɓe da jar ƙasa da ciyawa, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa, a riƙa dubawa kafin kowace damina.

Daren nan na sake rahoton daga farko. Na goge "irin na Faransa", na rubuta cewa tsarin na Nasara ne, aikin na maginan Damagaram. Shugaban ofishin ya karanta, ya yaba, sa'an nan ya tambaye ni wa zai ba shi rasit na makuba. Buhu 40 na siminti aka sa a takardar kuɗi. Duk ranar da hanya ta bi da ni ta wurin, nakan tsaya in ƙwanƙwasa bangon gabas ɗin.