Wasiƙa biyu suka kayar da ni

Har yau in na tuna sai in ji abu ya tokare min maƙogwaro. Bara wata jami'a ta fitar da sanarwar ɗaukar malamai har da sashen kimiyyar siyasa, ni kuma ga mastas a hannu shekara uku ina koyarwa a sakandaren garinmu nan gefen Ringim, da damina in faɗa gona. Na ce to ga dama ta zo. Mataimakin lakcara na nema tunda ba ni da digirin dakta.

Buhun gero ɗaya na sayar na yi fotokwafi, CV da takardar bautar ƙasa da ta shaidar ƙaramar hukuma, duk na haɗa tsaf. Wajen da aka ce a kawo mutum uku masu tsaya maka na rubuta sunan malamaina uku da lambobinsu na tura, shi ke nan na koma na miƙe ƙafa. Ashe a ƙasan sanarwar an rubuta cewa kai za ka bi su su rubuta wasiƙa su aika wa rajistara da kansu a rufe. Wallahi na karanta layin nan, kawai dai na ɗauka jami'ar ce za ta neme su.

Ranar intabiyu kuwa abin ya yi kyau, shi ne ma ya fi min ciwo. Wani farfesa ya tambaye ni me ya raba jam'iyyar PRP gida biyu, na ɗauko masa tun daga kafa jam'iyyar NEPU a 1950, na gangaro zaɓen 1979 da Rimi ya ci Kano Balarabe Musa ya ci Kaduna, rikicin ɓangarorinta na Santsi da Taɓo, har tsige Balarabe a 1981, mutumin sai gyaɗa kai yake yi. Mu da muka taso muna jin wannan a bakin kakanninmu a majalisa ai ba sai an buɗe littafi ba. Can wata Hajiya a ƙarshen tebur ta buɗe fayil ɗina ta ce Malam wasiƙa ɗaya muka gani, ina sauran biyun? Ita ma ɗayar wanda ya duba min aikin mastas ne ya ji labari ya aika don kansa, Allah ya saka masa. Sauran biyun ba su ma san na nema ba.

Don Allah in za ka nemi irin wannan aiki ka taka ka je wajen masu tsaya maka, kar ka tsaya tura saƙon WhatsApp, malaman nan saƙo ya yi musu yawa. Kai musu sanarwar da CV ɗinka, bayan sati ka kira, ka kuma kira har sai sun ce wasiƙar ta tafi, kunya ba ta da amfani a nan.

Da na dawo Baba yana ƙofar gida ya ce yaya, an dace? Na ce masa sai sun kira. An shekara yanzu, shi kuma bai daina tambaya ba.