Ruwan da Uderzo ya saukar

Asabar, 14 ga Disamba 2013, Paris

Sanyi ya so ya hana ni fita yau, amma na daure na tafi babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, inda aka baje kolin Astérix, littattafan nan na labarin barkwanci cikin zane. Tun ina ɗan lekol a Damagaram nake aron littattafan nan, in kwafi hancin Obélix, ƙaton abokin Astérix, a bayan littafin lissafi. Ban taɓa kawo wa raina zan tsaya gaban ainihin takardar da Albert Uderzo, mai zanen littattafan, ya ɗora hannunsa a kai ba.

Takardun sun fi shafin littafi girma nesa ba kusa ba, kuma baƙi da fari ne zalla, babu launi. Layi ɗaya na buroshinsa sai ya faro siriri kamar zare, ya kumbura a tsakiya, ya sake sirancewa. Na daɗe ina bin layin da ido. Mutumin nan ɗan baƙin Italiyawa ne, an haife shi a 1927, kuma ba ya iya bambance wasu launuka. Wataƙila shi ya sa ya zuba dukan ƙarfinsa a baƙar tawada.

A 2011 ya ba ɗakin karatun nan zanen littafi uku kyauta. Biyu na farkon tafiyarsu ne shi da René Goscinny, wadda suka soma a mujallar Pilote a 1959. Na ukun shi ya fi taɓa ni, wato wanda Astérix ya je ƙasar Beljiyam. Goscinny, mai rubuta labarin, ya rasu a 1977 alhali zanen bai kammala ba. Da Uderzo ya koma kan aikin, sai ya haɗa hadari ya saukar da ruwan sama a shafin da mutuwar ta tarar da shi. Ina yaro na karanta wurin nan ya fi sau goma, na ɗauka damina ce kawai. Ashe makoki ne.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni tana nuna wa jikanta Idéfix, ɗan karen Obélix, yaron na ta ƙyalƙyala dariya. Ni ko na kasa motsawa, sai da mai gadi ya roƙe ni in ba mutane hanya.

Na dawo ɗaki bayan magariba, na ɗora shayi. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan nemo buroshi da kwalbar tawada, don rabona da zane shekara shida ke nan.