Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tarin Auta

A makon jiya na tsaya inda muka dawo Sakkwato daga Indiya, bayan an yi wa Auta dashen ɓargon yayarsa saboda sikila. Mun iske hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari.

Kafin a yi dashen sai da aka ba shi magani mai ƙarfi da ya kashe tsohon ɓargonsa, garkuwar jikinsa kuwa ta tafi tare da shi. Ga kuma maganin da yake sha kullum don kada sabon ɓargon ya juya wa jikinsa, shi ma danne garkuwar yake yi. Murar da ɗan maƙwabta zai yi ya warke da kansa, in ta kama Auta tana iya sauka huhu ta zama nimoniya. Don haka aka ɗora shi a kan Septrin, maganin kariya daga ƙwayoyin cuta, aka kuma gargaɗe mu da fumfunar da ke cikin harawa, taki da ƙurar gini. Ragunan babansu suka koma gidan ƙanensa, na ajiye turaren wuta, girki ya koma kan gas.

Duk wannan mai sauƙi ne. Masu zuwa barka su ne jarabawata.

"Ke ɗiyar nan, mi za ni ce ma mutane?" in ji Inna, surukata. "A taho tun daga Wamakko a koma daga zaure?"

"Inna, ku yi haƙuri. Tari ɗaya ya isa ya mai da mu asibiti."

Ba ta amsa ba. Washegari ta shimfiɗa tabarma a zaure, ita ke karɓar gaisuwa tana sallamar mutane da kanta. Har gobe ina yi mata addu'a.

Duk da haka tarin ya shigo. Wani dare na ji numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ma'auni ya nuna 38.4. Likitansa ya riga ya ce da zarar zafi ya kai 38 mu kama hanya, kada mu ba shi farasitamol don yana ɓoye zazzaɓi. Muka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Aka sa masa iskar oksijin, aka ɗebi jini, aka fara ba shi magani ta jijiya tun sakamako bai fito ba.

Abin da hoton ƙirjinsa ya nuna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.