Asabarin Kaka da labulen amarya

Shekarata ta uku ke nan ina ɗinkin labule a Gusau, a shagon wata Hajiya da ta karɓe ni bayan na gama sakandare. Lokacin da na fara, wayata cike take da hotunan falon mutanen Dubai da Turkiyya da na kwaso daga Instagram, kuma a ganina duk wadda ta iya kwaikwayon waɗannan ta gama iya sana'a.

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai na wata amarya ne a Tudun Wada, cikin watan Nuwamba. Uwar amarya ta ce tana son abin da 'yan ganin jere za su koma gida suna maganarsa. Na zaɓi karammiski ja mai duhu, mai nauyi, na bar shi yana jan ƙasa kamar yadda na gani a hoto. Ranar jere kam an yaba, har da masu karɓar lambata. Ban taɓa taka ɗakin ba kafin ranar, a waya aka ba ni awo.

Ashe tagar yamma take kallo. Hunturu ya shigo da ƙurarsa, shi kuwa karammiski ba abin da yake riƙewa kamar ƙura, ga shi ba ya son wanki. Duk safiyar da aka goge tayil sai gindinsa ya sha ruwa. Da bazara ta kama, a watan Afrilu da zafin Gusau ke haura digiri 40, rana ta riƙa dukan sa tun daga azahar har ta faɗi. Ɗakin ya koma tanderu, jan ya koɗe layi-layi a kan tattarar. Kafin damina ta sauka aka aiko mana da shi a buhu.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta shimfiɗa shi a kan teburin yanka, ta bi layin da ya koɗe da yatsa, ta ce, "Ke 'yar nan, kin taɓa zama a ɗakin nan da la'asar?" Na ce a'a. Ta ce, "To wa kika ɗinka wa, ɗakin ko wayarki?" Rabin kuɗin sabon yadi daga aljihuna ya fito.

Bayan nan na je Ƙaura Namoda gaida kakata, zuciyata duk a jagule. Da rana tsaka na kwanta a ɗakinta, idona a kan tsohon asabarin da ke ƙofa, wanda na girma ina gani ban taɓa kula shi ba. Tsinkayen an jera su sirara an ɗaure da zare, tsakaninsu 'yan kafofi. Iska tana ratsowa, haske yana shigowa a tace ya kwanta zane-zane a kan tabarma. Ina ganin ƙafar duk mai wucewa a tsakar gida, shi kuwa ba ya ganina. Gindinsa bai taɓa ƙasa ba, akwai kamar yatsa uku a tsakani. Da yamma ta yi Kaka ta naɗe shi sama, ta buga shi sau biyu da tafin hannu, ƙura ta zube, shi ke nan.

Na ce, "Kaka, wa ya koya muku wannan dabara?" Ta harare ni ta ce, "Ku 'yan boko, sai an kai ku makaranta ku san rana na da zafi?"

Tun daga nan ba na karɓar awo a waya. Ina zuwa gidan, in da hali da la'asar, in tsaya in ga inda rana ke faɗawa, ko tagar titi take kallo, ko akwai yara masu lilo da labule. Tagar yamma dole in sa mata farin shafi a baya, shi zai sha rana ya kare launin gaba. Leshi marar kauri yana yin aikin asabari da rana, amma da dare idan aka kunna fitila komai na ɗaki a fili yake ga na waje, don haka ba na barin sa shi kaɗai, balle a gidan da ake kulle. Yadin auduga kuwa sai na jiƙa shi ya bushe kafin almakashi ya taɓa shi, domin yana tsukewa a wankin farko.

Lissafin ma yanzu na san dalilinsa. Taga mai faɗin inci 48, nakan ƙara wa sandar inci 6 ta kowane gefe don in an zuge labule ya kauce wa haske, ya zama 60. A ninka biyu saboda tattara, 120 ke nan, wato yadi uku da 'yan kai tunda yadi inci 36 ne. Kalmasar ƙasa kuma ba ta taɓa tayil, ko mai gida ta roƙe ni.

Launi kuwa yanzu a cikin ɗakin nake samun sa: jikin faifan da ke rataye a bango, ko kafet, ko zanen gado. Makon jiya wata malamar makaranta ta miƙo mini waya da hoton karammiski mai jan ƙasa, ta ce irin wannan take so. Na karɓa na yaba, sannan na ce, "Anti, ƙarfe nawa kike dawowa daga aiki? Ina son in zo in ga ɗakin kafin magariba."