Tsutsa a gyambo: yadda muke yi a ɗakin gaggawa

Da damina ta kankama a Katsina, ko lokacin mangwaro da ƙuda ke yawa, mun san masu tsutsa a gyambo suna tafe. Yawanci tsofaffi ne masu ciwon sukari, sai masu taɓin hankali, sai waɗanda aka raunata a ƙauyukan Batsari ko Jibiya, hanya ba lafiya, suka daɗe ba su iso gari ba. Wari kan riga su shigowa.

Wani dattijo da jikansa ya kawo, kafin in taɓa tsumman ƙafarsa ya riƙe mini hannu. "'Yata, ki yi haƙuri da abin da za ki gani." Na ce, "Baba, ba komai, mun saba." Na ja labule. Takunkumi yana rufe hanci da baki, amma majinyaci idonka yake kallo, kuma wanda ya ga an yi ƙyamarsa ba ya dawowa wankin ciwo.

Ban fara da tsutsar ba. Ita ke tayar wa 'yan rakiya hankali, alhali abin da ke kashewa shi ne ƙwayar cuta ta shiga jini. Sai na auna zafin jiki, bugun zuciya, hawan jini da sukari, aka ba shi maganin raɗaɗi da allurar tetanus, sannan na zauna.

Aikin na haƙuri ne. Ruwan gishiri a sirinji, a yi ta kwarara, tsutsotsin da ke sama su fito. Sauran a bi su da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don in ta tsinke a ciki guntun kan jawo kumburi. Suna gudun haske, da ka haska sai su nutse. Masu zurfi mukan toshe musu rami da basilin, in suka rasa iska su leƙo da kansu.

Sau da yawa in an gama sai ka tarar da naman ƙasa jawur, tas, domin tsutsar koren ƙuda mataccen nama take ci. A Amurka ma tun 2004 hukuma ta amince a yi magani da wadda aka kiwata a ɗakin gwaji. To amma ta gida ba ta da tabbas: akwai irin da ke cin lafiyayyen nama. In na ga jini da rami mai zurfi, ko ciwon yana kusa da ido, kunne ko hanci, likita nake kira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kananzir da fiya-fiya da ake tuttula wa ciwo a gida. Suna ƙona naman da muke son ceto, fiya-fiya kuma guba ce da ke ratsa fata.

Washegari mukan sake buɗe bandejin, tunda ƙwan ƙuda kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya a irin zafinmu. A ƙafar Baba mun tarar da ƙanana a gefen diddige, muka kwashe, aka wuce da shi ɗakin maza don daidaita sukarinsa.