Yadda kolam ɗin nikel ya cinye min watanni a aikin gp120

Duk wanda zai fara haɗa furotin na HIV a cikin sel ɗin ƙwari, kafin a koya masa komai kamata ya yi a zaunar da shi a gaya masa abin da ruwan rainon sel ɗin yake yi wa kolam ɗin nikel, wato bututun da ake tace furotin da shi. Ni dai ba wanda ya gaya min, takardar tsarin aikin da aka miƙo min a lab ɗin da nake karatu a ƙasar waje ashe don furotin ɗin da ake fitarwa daga bakteriyar E. coli aka rubuta ta, aka goge suna kawai aka ce gashi nan bi. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Aikina shi ne in samar da gp120, furotin ɗin da ke jikin rigar ƙwayar cutar, na nau'in CRF02_AG, wanda shi da nau'in G su suka fi yawo a Najeriya, don mu shimfiɗa shi a farantin gwajin jini na ELISA mu ga yadda jinin masu ɗauke da cutar zai gane shi. Ba ƙwayar HIV ake rainowa ba, don kullum sai an tambaye ni a gida. Ɗan yankin DNA ɗinta ake ɗauka a cusa cikin wani bairos mai suna bakulobairos, wanda ƙwari yake kamawa, ba ya hayayyafa a jikin mutum, shi kuma ya shiga sel ya tilasta masa yin furotin ɗin. Sel ɗin ƙwarin da nake amfani da su, Sf9, kuwa daga Spodoptera frugiperda aka samo su, wato tsutsar nan da ta shigo mana a 2016 ta dinga cinye masara. Manomi na tsine mata, ni ina lallaɓa 'ya'yanta a digiri 27 kamar jarirai, ikon Allah.

Farkon aikin lafiya lau. Bakmid, wato DNA ɗin da ake yin bairos ɗin daga gare shi, ya fito, bairos ya kama, a madubin gani ka ga sel sun kumbura sun daina rabuwa, alamar sun harbu ke nan. Bayan awa 72 na kwashe ruwan, na gwada da Western, gwajin da ke nuna furotin bisa nauyinsa, ga gp120 ɗina nan ɓaro-ɓaro. Nauyinsa ya ɗan sauka ƙasa da 120 ɗin da ke cikin sunansa a jel ɗin gwajin, amma wannan ba abin tsoro ba ne, kusan rabin nauyin gp120 sukari ne da ke manne a jikinsa, sel ɗin ƙwari kuma gajeren sukari suke ɗorawa, ba su kai na mutum ba.

Sai wajen tacewa. Furotin ɗin na da jelar histidin guda shida (histidin ɗaya ne daga tubalan da ake gina furotin da su), ita ce ke kama nikel a kolam, komai ya wuce shi ya tsaya, daga baya ka wanko shi da sinadarin imidazol. A takarda ke nan. Na zuba ruwan kai tsaye yadda aka rubuta, na wanko, ba komai. Na sake, ba komai. Aka ce bairos ɗina ne ya tsufa, na koma na sake haɗa sabo tun daga tushe, wannan kaɗai makonni ne. Aka ce watakila jelar ce ta yanke. Aka ce in ƙara yawan bairos, in rage, in kwashe da wuri. Duk na yi, kuma duk lokacin nan ruwan da ya ratsa kolam ya fito ina juye shi a bilic ina zubarwa a matsayin datti, lita-lita, ruwan da kuɗinsa kaɗai in ka ji sai ka riƙe baki.

Abin haushin, alamar tana gabana. Rezin ɗin nikel, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cike cikin kolam ɗin, launinsa shuɗi-shuɗi ne mai haske, amma ina zuba ruwan sai ya dinga koɗewa daga sama, har ya koma fari fat. Wata ma'aikaciyar lab ɗin maƙwabtanmu ce ta zo aron santirifuj, ta ɗaga kolam ɗin ta kalla, ta ce ai nikel ɗinka ya tafi. Ruwan rainon sel ɗin ƙwari pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, wajen 6.2 yake, histidin ba ya kama nikel sosai a nan, sannan akwai sinadarai a ciki da ke fizge nikel ɗin daga rezin su tafi da shi. Na gwada ɗan ruwan da ya ratsa wanda ban riga na zubar ba, wallahi gp120 cike. Watanni ina yin furotin lafiyayye ina kai shi kwata da hannuna.

Kuma kada wani ya ce maka ɗaga pH zuwa 8 kawai ya isa. Na gwada, nan take ruwan ya yi hazo, wani farin gari ya kwanta, ya toshe abin tacewa. Abin da ya yi min aiki shi ne in tattara ruwan ya ragu, in musanya shi gaba ɗaya da bafa, wato ruwan da ke riƙe pH a wuri ɗaya, mai pH 8 da gishiri, sannan ya je kolam. Akwai kuma rezin da aka yi musamman don irin wannan ruwan, nikel ɗinsa ba ya fita, da na san da shi da tuni. Daga baya ma na koma kolam ɗin lektin, wani furotin ne na tsiron Galanthus nivalis, shi sukarin manos ɗin da ke jikin gp120 yake kamawa, ba ruwansa da jela.

Fasahar haɗa furotin a sel ɗin ƙwari ba sabuwa ba ce fa, shi ya sa abin ya fi ci min rai. Tun 1983 masana Smith da Summers suka fito da ita a Texas, kuma rigakafin HIV na farko da aka amince a gwada a jikin mutane a Amurka a 1987, gp160 ne, wato cikakken furotin ɗin rigar da gp120 ke fitowa daga cikinsa, da aka yi a sel ɗin ƙwari. Bai kai ga zama allurar da ake yi wa jama'a ba, amma hanyar ta ba da allurar HPV ta Cervarix da ta mura Flublok da allurar korona ta Novavax. Mutane sun san maganar nikel ɗin nan shekara da shekaru.

Yanzu ko digo ba na zubarwa sai na ga furotin a hannu, kowane mataki ina ɗibar kaɗan in ajiye a firij da suna a jiki, har 'yan lab suna min tsiya wai na cika musu shelf. Takardar can kuwa na sake rubuta ta, na sa maganar launin rezin a layin farko da manyan baƙaƙe. Farantin ELISA na farko ya ba da launi da jinin da muka san yana ɗauke da cutar, mara cutar kuma ya tsaya fari, saura mu gwada da samfura masu yawa mu gani ko gajeren sukarin nan zai kawo mana matsala.