Kafin Ka Sayi Kwamfutar Gida a Garwa ko Marwa, Fara Duba Wutar Unguwarku

Duk wanda ya shiga shagon kwamfuta a kasuwar Garwa ko ta Marwa ya ce yana neman ta gida, abin da za a fara nuna masa shi ne ɗan sitikan nan mai sheƙi da ke ƙasan madannai: Core i5, Core i7. Daga nan sai a faɗa ciniki. A ganina tambayar farko tana can gida, jikin bango: awa nawa ake samun wuta a unguwarku a watan Afrilu, kuma idan ta zo, da wane ƙarfi take zuwa? Amsar wannan kaɗai ta yanke maka rabin shawara.

Ƙashin bayan wutar jihohin arewacin Kamaru uku shi ne madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gina don ta ba da megawat 72. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, injinan ba sa ba da abin da suka saba, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun kawo sauƙi, amma har yanzu babu mai iya rantsuwa cewa zai gama rubuta shafi goma ba a ɗauke ba. Na Kuseri da Njamena ma sun san zancen. Kwamfutar tebur kuwa ba ta da batir. Wuta na ɗaukewa take mutuwa, abin da ba ka adana ba ya tafi, kuma idan hakan ya yi ta maimaituwa, wata rana Windows ɗin ma zai ƙi tashi saboda an yanke shi yana tsakiyar rubutu a ma'ajiya.

Za a ce maka ka haɗa da UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, wadda a shagunanmu ake kira ondiler. Gaskiya ne tana taimako, sai dai ka san iyakarta. Ƙaramar nan mai 650VA batirin darma ɗaya ne a cikinta, mai bolt 12 da Ah 7. Aikinta ta ba ka 'yan mintuna ka adana ka kashe, ba ta riƙe ka ka ƙarasa aiki ba. Batirin darma kuma ba ya shiri da zafi: duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana cinye kusan rabin rayuwarsa. A ɗakin da ke kai digiri 38 da azahar, ka sa a ranka za ka riƙa canza shi tun kafin lokacin da aka rubuta a kwali.

In a gidanku sola ake amfani da ita, lissafin ya fi fitowa fili. Batirin darma mai bolt 12 da Ah 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma rabi kawai ya kamata a ja in ana so ya daɗe, wato 600. Babbar kwamfutar tebur da sikirin ɗinta da ke jan wat 150 za su shanye wannan cikin awa huɗu. Kwamfutar cinya da ake rubutu ko karatu da ita tana jan wat 20 zuwa 30, wato awa ashirin da batir ɗaya, ga kuma nata batirin a ciki. Shi ya sa ga yawancin gidajenmu nake cewa a ɗauki ta cinya. Wanda ya fi son ta tebur don kada yara su riƙa yawo da ita, ya nemi ƙananan nan masu girman littafi, irin Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini ko Lenovo ThinkCentre Tiny. Cajarsu yawanci wat 65 ce, kamar ta cinya. Babbar ta tebur sai ga mai haɗa bidiyo ko zanen gini, wanda dole sai ya sa katin hoto na musamman.

Sai zancen sitika, kuma a nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da babu ruwa. Core i7 sunan dangin furosesa ne kawai, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, akwai kaka akwai jika. Lambar da ke biye ita ce ke faɗin shekaru. A i7-4600U, lamba 4 ta farko na nufin zubi na huɗu, na wajajen 2013. A i5-8250U zubi na takwas ne, a i5-1135G7 kuma lambobi biyu na farko ake karantawa, zubi na sha ɗaya. Bambancin ba ƙarami ba ne. A cikin furosesa akwai sassan da ke raba aiki, waɗanda a Faransanci ake ce wa zuciya. To i7-7500U zuciya biyu gare ta, i5-8250U kuma huɗu. Wato i5 ɗin ta fi i7 ɗin ƙarfi, alhali sau da yawa i7 za a tsuga maka kuɗi a kai saboda sunan.

Akwai dalili na biyu da ya sa zubi na takwas ya zama iyaka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'idarsa yana buƙatar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen na jerin 2000 zuwa sama, tare da guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura, kuma za ka gan shi yana aiki a shago. Matsalar tana ɓullowa daga baya, lokacin da babban sabuntawa ya ƙi sauka. Don haka ganin Windows 11 a fuska bai isa hujja ba, lambar furosesa za ka karanta.

RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, kada ta gaza giga 8. Da giga 4, kana buɗe Chrome da shafi biyar da Word na'ura za ta fara ja da ƙafa. In aljihu ya yarda a yi 16, in kuma bai yarda ba ka tambaya ko akwai ramin ƙari, domin wasu siraran an like musu RAM a jikin allo, yadda ka saya haka za ta mutu. Ma'ajiya kuma ta zama SSD, giga 256 ko 512. Tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, yana karanta kusan mega 100 a daƙiƙa, SSD mafi araha tana yin kusan 500, kuma babu abin da ke motsi a cikinta balle girgizar babur a hanyar Mokolo ta lalata shi. Tera ɗaya na faifai mai juyawa yana da daɗin ji a kunne, amma SSD mai 256 ta fi shi amfani nesa ba kusa ba. Hotunan biki da bidiyo a zuba su a faifan waje.

Sabuwa dal ko ta hannu? Ga inda nake tsaye. Sabuwar da ta fi kowace araha a kwali galibi Celeron ce mai RAM giga 4 da ma'ajiyar eMMC giga 64, jikinta roba mara ƙwari. Windows kaɗai zai cinye kaso mai tsoka na wannan 64 ɗin, kafin shekara ta zagayo kana share abubuwa don sabuntawa ya samu wurin sauka. Da wannan gara ta hannu irin ta ma'aikatu: ThinkPad jerin T, Dell Latitude, HP EliteBook ko ProBook. An ƙera su don a buɗe a gyara, sukurori kaɗan ne a bayansu, kuma batirinsu da madannansu da fankarsu sun fi sauƙin samu a wurin masu gyara, ko a aiko maka daga Duwala ko Kano. Wanda ke da halin sabuwa mai Core i5 ko Ryzen 5 na 'yan shekarun nan, da RAM 8 zuwa 16 da SSD, ya saya, garanti da sabon batir ba abin rainawa ba ne. Sikirin ya zama 1920 sau 1080 in da hali, domin 1366 sau 768 yana matse aikin Excel.

Zafi da ƙura su ne ke kashe kwamfuta a ƙasar nan a hankali. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa a yi aiki da na'urarsu a wurin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa Maris da Afrilu muna haura 40. Idan furosesa ta yi zafi da yawa takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, shi ne za ka ga kwamfutar da ke tashi kamar walƙiya da asuba ta zama kunkuru da la'asar. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a bayan fanka, tsakanin siraran ƙarafan da iska ke bi, har ta zama kamar audugar katifa. Juya kwamfutar ka duba ramukan iskarta kafin ka saya. Sirara sosai mai ƙananan ramuka ta fi wahala a nan. Kada a ɗora ta a katifa ko darduma ana aiki, kuma duk shekara bayan hunturu a kai ta a buɗe, a share fanka, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta.

Madannai da filogi su ma a duba, tunda kayanmu daga ko'ina suke shigowa. Wadda ta fito Faransa ko Beljiyam AZERTY ce, wadda ta biyo ta Najeriya, Dubai ko Amurka QWERTY ce. In yaranka a sashen Faransanci suke karatu, AZERTY za ta sauƙaƙa musu é da è da ç. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, amma abin da ke rubuce a jikin maɓalli ba zai dace da abin da ke fitowa ba, kuma wannan yana rikita mai koyo. Don rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, Windows yana da tsarin Hausa a cikinsa, akwai kuma madannan Kamaru na SIL da ke aiki da manhajar Keyman, waɗanda suka zo a AZERTY da QWERTY kuma suna rubuta Fulfulde ma. Filogin Najeriya mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga soket ɗinmu mai rami biyu zagayayyu. A canza igiyar caja gaba ɗaya, ya fi a riƙa cusa adafta mai sako-sako da ke tartsatsi. Cajar ta cinya tana karɓar bolt 100 zuwa 240, ba ta da matsala. Amma tsohuwar ta tebur da ta fito Amurka, duba bayanta: in akwai ɗan jan maɓalli mai 115 da 230, a tura shi 230 kafin a jona, in ba haka ba ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi.

Ranar saye ka ware minti talatin, kuma kada kunya ta hana ka. Mai shagon kirki ba zai ji haushi ba. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performances, a nan za ka ga ainihin sunan furosesa, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Sannan ka nemo cmd a akwatin bincike na Windows, wato baƙin allon da ake rubuta umarni, ka buɗe ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da takarda mai lambobi biyu: Design Capacity, abin da batir yake ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yanzu. In na farko 50,000 ne na biyu 22,000, batirin ya wuce rabin rayuwarsa, sai a rage maka kuɗin sabo. Zare caja ka bar bidiyo yana tafiya minti goma ka ga kashi nawa ya sauka. Buɗe farin shafi fes, sannan baƙi, ka nemi ɗigo ko tabo a sikirin. Buga kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, gwada kowane ramin USB da filas ɗinka, kamara, lasifika, da Wi-Fi ta hanyar jona ta da wayarka. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa, in gindinsa yana ƙara ko roba tana ɗagawa, gyaran nan yana da ciwon kai.

Sai ka kashe ta, ka sake kunnawa ka shiga BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, yawanci da maɓallin F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ajiye ta. Haka in tana tashi ta nuna sunan wani kamfani ko makaranta tana neman a shiga da asusunsu, ko MacBook da ke maƙale da iCloud ɗin wani. Caja ma a tabbatar ta asali ce. Dell takan gane cajar da ba tata ba ta ɗan siririn tsinken da ke tsakiyar bakin, sai ta ƙi cajin batir ta kuma rage gudu, mutum ya yi ta zargin na'ura alhali caja ce. A rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar da ke ƙasan kwamfutar, da kwana nawa aka ba ka na gwaji. Da wannan lambar za ka iya shiga shafin Dell, HP ko Lenovo ka ga shekarar da aka fitar da ita.

A kasafinka ka bar wani abu na regilater mai daidaita wuta, musamman in unguwarku wuta na yin ƙasa da dare ko kuna amfani da janareta. Da damina in hadari ya haɗo ana tsawa, zare caja daga bango gaba ɗaya, kashe soket kaɗai bai wadatar ba. Kuma ranar da ka fara jona ta da intanet ɗin wayarka, ko Orange ne ko MTN, ko Airtel da Moov ga na Chadi, shiga saitin Wi-Fi ka kunna Connexion limitée. In ba ka yi ba, Windows zai ɗauka layin ofis ya samu, ya kwashe maka giga biyu ko uku na sabuntawa kafin ka buɗe shafin farko.